Gonar da Baba Bai Taɓa Kira Tasa Ba

Damina ta sauka bana, ƙasa ta jiƙa har ta ƙoshi, amma idan na leƙa ta zaure da hantsi sai in ga magidantan unguwarmu zaune a inuwar darbejiya, kowa da waya a tafin hannu. Hirar ma sama-sama ake yinta. Da wayar ɗaya ta yi ƙara sai duk su juya, wani ya ce, "Ya shigo?" Mai wayar ya duba, ya girgiza kai, a koma zaman jira. Kuɗin tallafin noma ake jira, wanda gwamnati ke turo wa waɗanda sunansu ya shiga takarda. Ni ba na zagin tallafi, Allah Ya kiyashe ni da butulci. Na ga gidajen da ya tsamo daga yunwa bayan ruwa ya cinye musu gonaki, na ga zawarawan da ya saya wa iri. Sai dai duk sanda na ji kalmar nan sai in tuna wata takarda da na cike da hannuna shekarun baya, har yau kuma ban gama tambayar kaina a kanta ba.

A wani ƙauye na tashi, can wajen Auyo, inda idan kogi ya kawo sai hanya ta ɓace, a koma kwalekwale. Abin da na fi tunawa shi ne sauti. Kukan kwaɗi bayan ruwan farko, fiton kirinjijiya idan sun tashi garke guda daga fadama, da ƙarar gwangwanayen da muke ratayawa a igiya mu riƙa ja don korar tsuntsayen jan baki idan shinkafa ta fara ɗaukar nono. Da sassafe kuma turame ne ke amsa wa juna daga gida zuwa gida, har kana iya gane wadda ta makara. Aikina shi ne kai wa Baba kunu gona. Nakan ɗora ƙwarya a ka, in tattare zane zuwa gwiwa, in ratsa ruwa ina lalube da ƙafa, in na fito in tsaya in ɓamɓare matsattsaku daga ƙwaurina. Da kaka kuwa ni da Inna muke kwana biyu muna gumin shinkafa, tururin shanshera na dukan fuskarmu, sai mu shanya a tabarmi, ni ce mai gadin kaji. Inna takan ce mini in daina ƙorafin hayaƙi, wai yarinyar da idonta bai yi ja a kaka ba cikinta ne zai yi kuka a bazara. A lokacin ba wanda ke jiran komai daga Hadeja ko daga gaba da Hadeja. Sama ake kallo, da kogi. Idan an ga malamin gwamnati da littafi a hammata, maza sukan sulale ta bayan gari ne, ba sa matsowa.

Baba ba ɗan garin ba ne. Daga gabas ya zo, bakin tafkin Cadi, yana saurayi, a shekarun da ruwa ya ja baya ya bar masunta da busassun taruna. Har ya rasu Hausarsa na da ɗan karkata irin ta mutanen can. Ya iso ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, sai allo da gafaka da ƙarfin jiki. Wani dattijo mai filaye a garin, wanda muka taso muna kira Baffa ko da yake ba mu haɗa jini ba, shi ya sauke shi a zaurensa. Bayan damina biyu yana kallon aikinsa, wata Juma'a da aka sauko masallaci sai ya kira mutum biyu shaida, suka taka da Baba zuwa wata fadama da ke gefen wani ɗan rafi, suka zaga iyakarta da ƙafa. Baffa ya ce masa ya noma ya ci, shi da abin da Allah zai ba shi, har ranar da ya gaji. Ba takarda, ba sa hannu. Aro ke nan, yadda ake yinsa a da. Ba haya ba ce, ba jingina ba, ba kuma kyauta ba.

Aro yana da ladabinsa, Baba kuwa ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe alwala. Mai aro ba ya dasa itace a gonar, domin itace alamar mallaka ce. Inna ta yi shekaru tana roƙon a sa mata mangwaro ko guda ɗaya a bakin rafin, ta samu inuwar zama idan ta kai abinci. Bai yarda ba. Wata shekara ma ƙwallo ya tsiro da kansa, ta ɓoye shi da ƙaya, da ya gani ya tumɓuke ya kawo mata gida ya ce ta dasa a tsakar gidanta. Mai aro ba ya haƙa rijiya. Kuma ba ya cewa gonata. Mu duka mun taso muna jin yana cewa za shi gonar Baffanku, ko ruwa ya shiga gonar Baffanku, har abokansa na tsokanarsa, suna tambaya ko shinkafar da ke cikinsa ma ta Baffa ce. Ya yi dariya ya ce a bar ta a nan tukuna, ba a zo karɓa ba. Duk kaka, damin farko ni ke ɗauka in bi shi a baya zuwa gidan Baffa. Baffa ya ƙi karɓa, Baba ya nace, Baffa ya yi faɗa, daga baya a shigar da shi ciki, a cika mini ƙwarya da busasshen kifi in komo. Da na ci jarrabawar shiga sakandare, shinkafar fadamar nan ce ta kai ni Hadeja, Baffa kuma ya saya mini akwatin ƙarfe.

Baba ne ya san fadamar, ba wani ba. Ya san gefen da ruwa ke fara shigowa, ya san inda jingar da ya ɗaga da hannunsa don tare ruwa take da rauni, duk shekara kafin damina yana ƙara mata ƙasa. Kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye rafukan yankinmu, ba ta taɓa samun wurin zama a bakin rafinsa ba, don da lauje yake shiga ruwa har ƙirji yana yanke ta tun tana ƙarama. Baffa ya rasu ina da 'ya'ya uku. Aka raba gadonsa, gidaje da shanu da gonakin tudu, ba wanda ya ambaci fadamar. Ba mantawa aka yi ba. Kunya ce ta hana, da sanin cewa uban ya riga ya yi magana. Baba bai fasa ba, ya ci gaba da aika damin farko gidan babban ɗan Baffa, Yaya Sule, wanda ke ƙaramin aikin ofis a Hadeja, unguwa ɗaya da inda nake aure.

Shekarar da abin ya faru na je gida ne duba Inna, tana fama da ƙafa. Baba ya tsufa a lokacin, gemu fari fat, amma yana noma. Daga fadamar nan gidan ke ci: shi da Inna, da matar ƙanena da ya rasu, da marayunta huɗu. Na kwana biyu sai aka yi shela cewa malamin gona ya zo rubuta sunayen manoman shinkafa, gwamnati za ta ba da taki da kuɗi ta banki. Aka taru a ƙofar gidan Bulama, mai garin namu. Masu karatun boko ba su da yawa, malamin kuma shi kaɗai ne, sai Bulama ya aiko a roƙi Baba ko zan fito in taya cike fom. Na sa hijabi na zauna a kan tabarma a cikin zaure, ana shigowa ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya ina rubutawa, mutum ya dangwala yatsa a ƙasa. A saman wurin dangwalawar akwai layi ɗaya da ke cewa mai wannan yatsa ya shaida gonar da aka ambata tasa ce. Ina karanta wa kowa, kowa ya ce ya ji. Da yawansu aro suke nomawa kamar Baba, na sani, Bulama ya sani, malamin ma ya sani. Ba wanda ya tsaya.

Da layi ya zo kan Baba ya zauna a gabana, na rubuta unguwa, na rubuta girman fili yadda ya kwatanta. Sai na karanta masa layin nan. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya ja hannunsa ya sa cikin aljihun riga.

Malamin gona mutumin kirki ne, matashi mai haƙuri. Ya bayyana masa cewa gwamnati mai noma take nema, ba mai gado ba, kuma wannan layi a kowace takarda yake, ba wanda zai bi diddigi. Bulama ya sa baki, ya ce ai duk garin nan babu wanda zai tashi ya ce ba gonarsa ba ce, shekara nawa yana cikinta, ya dangwala kawai a sallami mutane, rana na yi. Wani daga waje ya ɗaga murya ya ce in Baba ba ya so ya ba shi aron yatsan, aka yi dariya. Baba bai yi ba.

Ya ce, "Bulama, kana nan aka ba ni ita?"

"Ina yaro, amma na ji."

"Me ka ji an ce?"

Bulama ya kawar da kai, ya ce an ce ya noma ya ci.

"To shi nake yi. Ba a ce in shaida tawa ce ba." Sai ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, rubuta Sulaimanu."

Na rage murya yadda shi kaɗai zai ji. Na ce masa idan na rubuta sunan Yaya Sule, kuɗin can za su, takin ma can. Na tuna masa marayu. Ya ce shekara nawa gwamnati na alkawari, ya taɓa ganin ko ƙwayar taki? In ma ya zo, Sulaimanu ɗansa ne, ba zai ci shi kaɗai ba. Na ce to a bar fom ɗin gaba ɗaya, kada a rubuta kowa. Ya ce a'a, an tambayi gonar wa ce, kuma tana da mai ita, ɓoyewa ma wani abu ne.

Biro na hannuna. Baba na karanta Alƙur'ani da ajami kamar ruwa, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Da na ga dama da na rubuta sunansa, in ce masa yatsan na shaidar ya zo ne kawai, malamin ba zai tona ni ba, na ga haka a idonsa. Na daɗe ina kallon takardar har Bulama ya yi gyaran murya. Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba, ban kuma san yadda ake farawa ba. Na rubuta Sulaimanu, da sunan Baffa a gaba. Da zan koma Hadeja ni na tafi da takardar, na kai wa Yaya Sule ya sa hannu da lambar wayarsa. Ya yi ta dariya, yana cewa Baba dai ba zai canja ba, shi da ko hanyar fadamar ba zai gane ba yanzu.

Wannan karon gwamnati ta cika alkawari, ko da yake sai bayan an yi girbi. Yaya Sule ya hau babur da kansa ya je ƙauye da kuɗin a ambulan. Inna ce ta ba ni labari. Ya ajiye a gaban Baba, Baba ya tura masa, ya ce sunansa aka kira. Suka yi ta turawa kamar yadda ake yi da dami a zamanin Baffa, sai dai wannan karon ba a san wa ya kamata ya haƙura ba. A ƙarshe Baba ya karɓi taki ya bar kuɗin. Yaya Sule ya bi ta bayan gida ya danƙa wa Inna wani abu don marayu, ta karɓa ba ta faɗa ba. Shekara ta biyu ma haka. Ban ga laifinsa ba a nan, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba.

Amma magana ba ta zama wuri ɗaya. Ƙannen Yaya Sule suka ji cewa akwai wata gonar ubansu da ke haihuwar kuɗi a banki ba tare da an riƙe fartanya ba. Su tara ne, maza da mata, ɗakuna uku, kowa da nauyinsa. Aka fara tambaya me ya sa ba a sa ta cikin gado ba, aka fara cewa babban wa na ci shi kaɗai. A daidai lokacin kuma aka canja tsari: aka ce za a zo a auna kowace gona da na'ura, a ɗauki hoton mai suna a tsaye a cikinta, wanda aka samu ba shi ke noma ba a cire shi, har ana raɗe-raɗin za a ce ya maido na baya. Aka kuma ƙara da cewa masu noman rani za a ba su injin ban ruwa. Yaya Sule ya zo gidana wata la'asar, ya rame, ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi shan ruwa. Ya ce mini 'yan uwansa sun yanke shawara, za su haɗa hannu su noma fadamar da 'yan ƙwadago, damina da rani, a raba. Ya roƙe su a bar wa Baba ko rabi, suka ce a kan wane dalili, ga takardar gwamnati ma ta nuna ta gidansu ce, kuma da rubutun 'yar Baban. Ya roƙe ni in raka shi wurin Baba. Na ce ba zan iya ba. Da gari ya waye na sa hijabi na bi shi.

Mun tarar da Baba a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Yaya Sule ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye goro, ya tambayi jikin Inna, ya tambayi marayu da sunayensu, ya tambayi ruwan bana, ya sake tambayar jikin Inna. Baba na amsawa yana kallonsa. Can sai Baba ya ajiye fartanyar.

"Sulaimanu, gonar kuke so?"

Yaya Sule ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Ya fara cewa ba shi ba ne, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka ba ni haƙuri a kan abinku. Mahaifinka ya ciyar da ni shekarun da ba zan iya ƙirgawa ba. Ku bar ni in cire abin da na shuka, shi ke nan."

Yaya Sule ya ce sun yarda ya zauna a matsayin mai kula, a riƙa biyansa. Baba ya yi ɗan murmushi, ya ce ƙarfinsa ya ƙare, su nemi matasa. Ba ƙarewa ya yi ba, ni na sani. Sai ya shiga yi masa bayanin jinga, cewa gefen gabas ne mai rauni, a ƙara ƙasa kafin ruwan farko, kada a bar kacalla ta kai gwiwa. Yaya Sule na gyaɗa kai, amma ba ji yake ba.

Bayan wannan kaka, abincin gidanmu ya koma na awo. Maigidana, Allah Ya saka masa, ya ɗauki biyu daga cikin marayun, matar ƙanena ta koma gidan iyayenta da biyun, gidan da na tashi cikinsa cike da hayaniya ya rage tsoho da tsohuwa. Baba ya nemi wani aron a garin bai samu ba. Kowa ya ga abin da ya faru, masu filaye duk sun karɓe nasu sun rubuta sunayensu, wanda zai ba ka kuwa sai haya, kuɗi a hannu. Cikin shekara biyu aro ya mutu a garinmu, abin da aka gada tun kakanni, ba wanda ya yi masa ko ta'aziyya.

Da daminar farko ta kama bayan an karɓe fadamar, Inna ta ce Baba ba ya iya zama. Wata safiya ya ɗauki sanda ya tafi fadamar, wai zai duba jinga kawai. Ya tarar da 'yan ƙwadago baƙi, an ɗebo su daga wani gari, ba wanda ya san shi. Yana taka gefen gabas yana danna ƙasa da sanda, sai babbansu ya yi masa magana daga nesa, ya ce, "Tsoho, fita mana daga shuka, nan ba hanya ba ce." Baba ya ba su haƙuri ya fito. Ya tsaya a bakin rafi ya gaya musu jingar na son ƙasa, suka ce ba a biya su wannan ba. Da ruwa ya kawo, ta nan ya ɓalle. Shinkafar ta nutse gaba ɗaya. Na zaci ko a ransa zai ji an rama masa, amma Inna ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba, yana ta cewa tsaba mai kyau ce, an bar ta ta mutu a banza. A shekarar ma an biya tallafin ambaliya, ya shiga wayar mai sunan da na rubuta.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Na je na yi jinyarsa, ina dama masa kunu yana kurɓa kaɗan. Wata rana bayan azahar, Inna ta fita, muka rage mu biyu. Abin da na daɗe ina riƙewa ya fito. Na gaya masa cewa ranar nan a zauren Bulama saura kaɗan in rubuta sunansa ba da saninsa ba, kuma tun daga ranar nake ganin da na yi, da yanzu marayu na gabansa, da yana da abin da zai bar wa Inna. Na ce ya yafe mini, ko don na yi niyya, ko don ban aikata ba, ni ma ban san wanne ba.

Ya kalli rufin ɗaki. Sannan ya ce, "Na ga biron ya tsaya, Uwata. Ina ta addu'a a raina."

Na tambaye shi addu'ar me.

"Ban sani ba," in ji shi. "Wallahi ban san wanne nake roƙo ba."

Ya juya fuskarsa bango. Bayan kwana huɗu aka kai shi, a maƙabartar tudu da ke bayan gari. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Baffa, Ya sa sun haɗu da alheri.